Baka Mai Gaɓa

Mu biyu Baba ya haifa maza, kuma tun muna ƙanana ya raba mana aiki ba tare da ya nemi shawararmu ba. Yayana shi ne mai hannu, ni ne mai takarda. In ƙotar fartanya ta karye, Yaya ake kira. In wasiƙa ta zo daga wurin kawunmu soja, ni ake kira in karanta, in na gama a ce in tashi in ba manya wuri. Baba bai taɓa zagina ba, amma duk sanda na ɗauki wuƙa zan fere wani abu sai ya ce in ajiye kar in yanke, in kira yayana. Na girma, na zama malamin lissafi a wata sakandare a Samaru, na yi aure, har furfura ta fara leƙo ni, amma abin nan bai bar cina ba. Abu ɗaya nake nema wurin tsohon kafin ya bar duniya, ya riƙe wani abu da na yi da hannuna ya ce ya yi kyau.

Baba maharbi ne a ƙauyenmu, can kudancin Kaduna, kuma shi yake sassaƙa bakansa da kansa. Shekarar da Mama ta rasu ciwon yana ya rufe masa ido, sai ni da Yaya muka je ɗauko shi mu kawo shi asibiti a Zariya. Kayansa duka ba su fi ƙunshin zane ɗaya ba, sai wani dogon icen dargaza da ya fi shi tsayi. Shekara uku ke nan da ya sare shi ya soke a rufin ɗaki yana shan hayaƙi, yana jiran ya bushe ya yi bakansa na ƙarshe. A tasha direba ya ce atafau wannan sandar ba za ta shiga ba, motarsa ta cika da buhunan citta. Ina cikin roƙon direba, ashe Yaya ya aro zarto wurin wani mai gyaran benci, ya raba icen gida biyu, ya cusa a ƙarƙashin kujera. Haka Yaya yake, yana da saurin warware matsala, ko da warwarewar ta fi matsalar muni. Har muka iso Kwangila a Zariya, Baba ko gyaɗar da na saya masa a hanya bai taɓa ba.

Aikin idon bai yi wani abin kirki ba, inuwa kawai yake gani. Ya zauna a wurina, don Yaya ɗaki biyu gare shi a Sabon Gari da 'ya'ya shida. Guntayen icen nan biyu suna ƙarƙashin gadonsa, wani lokaci in na leƙa da rana in same shi ya jawo su ya haɗa bakinsu yana shafa wurin da zarto ya bi.

Wata rana a ɗakin malamai wani abokin aikina ya nuna mini bidiyo a wayarsa, wani mutum can wata ƙasa ya yi dogon baka gida biyu, ya haɗa shi a tsakiya da bututun ƙarfe. Na kalla sau biyar, har mai wayar ya ce cajinsa zai ƙare. Da na koma gida ko takalmi ban cire ba na shiga wurin Baba.

Na ce, "Baba, icen nan naka bai mutu ba. Akwai bakan da ake yi gida biyu, a haɗa shi da ƙarfe a wurin riƙo. In an gama harbi a zare a sa a jaka."

Ya ce, "Baka mai gaɓa? Kamar ƙafan akuya?"

"Kamar haka, Baba."

"To, wa zai yi? Yayanka ba shi da lokaci."

"Ni zan yi."

Ya yi dariya har da tari, sai da matata ta kawo masa ruwa. Zuciya ta ciyo ni, na sunkuya na jawo icen daga ƙarƙashin gado a gabansa, na fita da shi. Bai hana ni ba.

Wata bakwai muka yi a gindin dalbejiyar da ke tsakar gida, kullum bayan an tashi makaranta. Ni ke da ido, shi ke da yatsu. Dokarsa ta farko ita ce bayan baka, wato gefen da ke kallon nama, ba a taɓa shi da ƙarfe. Da farce da bayan cokalin katako na ɓare ɓawon, kwana tara ina yi, har farcena ya yi jini. Ciki kawai ake ragewa, da farko da gizago, daga baya da wuƙa, a ƙarshe da fasasshiyar kwalba, wadda ke fitar da ɗan siririn gashi kamar na masara. In na kankare sau goma sai in miƙa masa, ya bi da babban yatsa daga baki zuwa baki, ya tsaya wani wuri ya ce nan akwai tudu. In duba in ga babu komai, in yi musu, in ɗauko abin awo na makaranta, a ƙarshe in ga lallai akwai tudun. Sau da yawa na jefar da kwalbar na shige ɗaki ina huci, shi kuwa yana zaune abinsa yana jiran in huce in dawo.

Da icen ya fara laushi, sai na cusa guntayen biyu cikin wani tsohon fayif na ruwa, na toshe gefe da tsinke don kar ya yi girgiɗi, muka ɗaura masa doguwar igiya muka shiga koya masa lanƙwasa. Haka Baba ya kira abin, koya masa. Ya ce masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba su taɓa yin baka ba, na baka sai ya bushe ƙayau, sannan a bi shi da lallami. A ja shi taƙi ɗaya sau talatin, a duba inda ya ƙi, a kankare, a sake ja. Gobe a ƙara ɗan yatsa biyu. Na rataye shi a bango na zana layuka da alli a bayansa, in ja igiyar daga nesa ina kallon ko hannayen bakan biyu, na sama da na ƙasa, suna sauka daidai. Baba ya ce wannan kuma bokon banza ne, amma na lura yakan tambaye ni layi na nawa muka kai.

A wata na biyar ya shafa hannun sama ya ce, "Nan ya yi daidai, kar ka ƙara." Mako guda na yi ina yawo da wannan maganar a ƙirjina, har ɗalibaina suka ce Malam ya daina faɗa. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko bakan ya yi kyau. Ya ce ba a yabon baka a bango, sai ya ja shi tukuna. Ya kuma kafa mini doka ta biyu: in tsaya da koyarwa saura taƙi ɗaya ya kai kunne. Jan farko har kunne na mai baka ne, don icen yana ɗaukar hannun wanda ya fara cika shi. Ko ni da na yi shi ba ni da wannan.

A nan ne na yi wautata, kuma ba zan ɓoye ta ba. Wata yamma ya tambaye ni, "Yayanka yana sa maka hannu a ɓoye, ko?" Raina ya ɓaci, na ce babu hannun kowa a cikin bakan nan, kuma ba za a samu ba har a gama. Alhali na san tsohon fayif ɗin nan ba zai riƙe ba. Ana buƙatar bututu biyu, ɗaya ya shige cikin ɗaya cif, kuma ba ni da abin matsewa ko na huda ƙarfe. Mai waldar da na sani yana maƙwabtaka da shagon kujerun Yaya a Sabon Gari. Ranar wata Asabar na naɗe bakan a buhu na ce wa Baba makaranta zan kai shi, a shafa masa man kaɗe ya sha iska a sito. Na roƙi matata ta yi shiru, na hau acaɓa.

Mai waldar ya auna ya ce in ba shi kwana huɗu, amma shagonsa tartsatsi ne ko'ina, gara icen ya zauna wurin Yaya, shi zai riƙa zuwa yana gwadawa. Na ja Yaya gefe, tsakanin wata kujera mai zaman mutum uku da tarin soso, na gaya masa komai.

"Yaya, don Allah kar a ɗaura masa tsirkiya. Kar kowa ya ja shi. Jan farko na Baba ne."

Ya ce, "Kai malamin lissafi, ni za ka koya wa katako? Tun kana tsotson yatsa nake riƙe da zarto."

"Na sani. Sannan kar ka gaya wa Baba an kawo shi nan. Na ce masa babu hannun kowa."

Ya kwashe da dariya ya dafa kafaɗata. "Ƙanena, asirinka a rufe yake."

Da bakina na ba shi wannan makamin, babu wanda ya tilasta ni.

Ranar Laraba na koma. Aikin ƙarfen ya yi kyau ƙwarai, in ka tura rabin cikin rabin sai ka ji ƙas, ko motsi babu. Amma na ga wani sabon abu. An naɗa jar fata, faɗin tafin hannu, a hannun sama, an naɗa irinta a na ƙasa, an ɗinke da farin zare. Yaya ya ce kyauta ce, ya kai wa wani baduku a kasuwa, don bai dace bakan Baba ya fita tsirara ba. Har ga Allah sai da idona ya kawo ruwa. Shekara da shekaru ban ji ni da shi mun zama ciki ɗaya irin na ranar ba. Na ja shi wurin mai tsire na saya mana, muka zauna a benci muna hirar Mama, na yi ta yi masa godiya yana cewa ba komai, ɗan'uwa ai rabin jiki ne. Da na dawo gida ban ja bakan ba. Na shafa masa mai, na murɗa tsirkiyar fata yadda Baba ya koya mini, na ajiye ina ƙirga kwanaki.

Lahadi bayan an taso daga coci muka taru a tsakar gida. Matata ta dafa shinkafa da kaza, Yaya ya zo da matarsa. Baba bai cire rigar cocinsa ba, ya ce da ita zai ja. Na durƙusa na miƙa masa guntayen biyu. Ya laluba ya haɗa su, ya ji ƙas ɗin nan, ya zare ya sake haɗawa, sai na ga haƙoransa a waje. Ya ce ashe akuyar tana da ƙafa mai kyau. Kowa ya yi dariya.

Ya fara bi da babban yatsa daga bakin sama, a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraro. Ya sauko, ya sauko, har ya iso kan fatar. Ya tsaya. Ya danna, ya matsa gaba kaɗan ya sake dannawa.

"Wannan fatan na mene ne?"

Na ce, "Ado ne, Baba."

"Ba ni wuƙa."

Ya tsinke zaren da kansa, fatar ta faɗi a cinyarsa. A bayan bakan, wurin da na ɓare da farcena, ga tsaga ta tashi mai tsawon ɗan yatsa. An ɗura mata gam, an cike da garin katako, an kafa 'yan ƙananan ƙusoshi huɗu irin waɗanda ake kama yadin kujera da su, an goge kawunansu da samfefa. Baba ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ƙusa ne?" Ya juyo wajena. "Wata bakwai ina gaya maka ba a taɓa bayan baka. Ka ja shi a ɓoye ya tsage, ka buga masa ƙusa kamar bencin coci, ka rufe da fata don ka ga ba na gani. Da na cika shi, a fuskana zai fashe."

Na juya na kalli Yaya. Yana sunkuye a kan faranti yana raba nama da ƙashi da cokali, a tsanake, kamar aikin da aka ba shi ke nan. Na ba shi lokaci. Na tabbata zai ɗago ya ce shi ne, don magana ce ta kalma biyu, kuma shi Baba bai taɓa riƙe shi da fushi ya kwana ba. Bai ɗago ba.

Na ce, "Baba, ba ni ba ne. Shagon Yaya na kai shi, kwana huɗu ya yi a can."

"Ba makaranta ka ce mani ba? Ba ka ce babu hannun kowa ba?"

"Ƙarya na yi, Baba."

Ya juya fuskarsa wajen da yake jin ƙarar cokali. "Kai babba, ka taɓa bakan nan?"

Yaya ya ajiye cokalin ya goge baki. Ya ce, "Baba, ni yau na fara ganin shi."

Matata ta miƙe ta fara magana, Baba ya ɗaga mata hannu ya ce ita matata ce, me za ta ce in ba abin da na ce ba. Ya zare bakan gida biyu ya ajiye a ƙasa gefen ƙafarsa, ya ce a kama shi a kai shi ɗaki. Yaya ne ya tashi ya kama shi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, na sani, kuma ni na tsaga bangon. Amma ƙaryata ta neman yabo ce, ba ta cuci kowa ba sai ni. Tasa kuwa ya ɗora ta a kaina, a gaban mahaifinmu, bayan ya ci tsirena.

Washegari ina tashi daga aji na wuce Sabon Gari. Yaya ya fita kai kaya, sai mai waldar na samu, bai ma jira na tambaya ba. Ya ce ranar Litinin wasu 'yan banga biyu sun zo ɗaukar kujera suka ga icen, suka ce wannan ba zai harba ko ɓera ba. Yaya ya ce shi ɗan maharbi ne, ya ɗaura igiyar shanya, ya ja har bayan kunne, ya riƙe yana juyawa kowa ya gani. Sai suka ji ƙarar tsagewa. Mai waldar ya ce, "Malam, na ce masa ya gaya maka. Ya ce shi kafinta ne, babu katakon da gam da ƙusa ba sa gyarawa. In kana so, in rufe shago in bi ka in faɗa wa tsoho." Na koma da wannan wurin Baba da yamma, ya ce ba zan kawo masa baƙo ya shiga tsakanin 'ya'yansa ba, kuma in na ƙara tayar da maganar zai koma ƙauye ko da rarrafe.

Sai ranar Alhamis na kama Yaya a shago. Ban yi sallama ba. Na faɗi abubuwan da ba a faɗa wa wa, maƙwabta har suna leƙowa. Ya bar ni na gama, yana ta jan yadi a kan kujera yana buga ƙusa. Sannan ya tofar da ƙusoshin da ke bakinsa a tafin hannu ya dube ni, babu ko alamar kunya, har da wani tausasa murya.

"Ka yi tunani mana. Tsohon nan ni yake taƙama da shi tun ina yaro. In ya ji ni na yi wannan, zuciyanshi zai karye, ga shi ba lafiya ba. Kai kuwa da ma bai sa rai da komai a wurinka ba. Bai yi asaran komai ba."

Na tsaya ina kallon bakinsa. Na ga ya yarda da abin da yake faɗa, a ganinsa taimakon Baba ya yi. Wannan ya fi ƙaryar ƙona mini rai. Na fita na taka da ƙafa har unguwar Palladan kafin na tuna akwai abin hawa.

Baba ya ƙara wata goma sha ɗaya a gidana. Ni nake yi masa wanka, ni nake yanke masa farce, yana yi mini godiya irin wadda ake yi wa ma'aikacin asibiti. Bai sake ambaton baka ba, bai sake zama a gindin dalbejiya ba. Kowace Lahadi Yaya yana zuwa da lemo ko ayaba, ya durƙusa, Baba ya dafa kansa ya sa masa albarka. Kowace Lahadi nakan tsaya a bakin ƙofa ina cewa ƙila yau ne. Har ranar da jikin ya yi tsanani, muna gefen gadonsa mu biyu, Baba yana ji yana ganewa, na taɓa gwiwar Yaya na nuna masa tsohon da ido. Ya kau da kai ya ce bari ya je ya kira fasto.

Bayan ya rasu mun rufe shi, mutane suna watsewa, Yaya ya rungume ni yana kuka, kukan gaske, ya ce mini a kunne yanzu ai komai ya wuce, mu manta. Na zare hannunsa daga wuyana. Na ce wanda ya kamata ya ji gaskiyar ga shi can mun tura masa ƙasa, ya tafi yana ganin ni ne na nemi fasa masa ido.

Muna gaisawa da Yaya, 'ya'yansa suna zuwa gidana hutu, matanmu suna biki tare. Coci ɗaya muke zuwa in an yi taron iyali, wani lokaci benci ɗaya. In aka miƙe ana addu'ar da Ubangiji ya koyar, ina bi da kowa har a zo wurin da ake roƙon gafara kamar yadda mu ma muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi. A nan nakan rufe bakina in jira a wuce. Shi kuwa ina jin muryarsa a gefena, yana faɗa da ƙarfi.